Bindiga a Hannun Talaka: Waiwaye Daga Fadamar Haɗejiya



Gabatarwa

Wani zai yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga zancen bindiga. Dalili kuwa shi ne harshe ma'ajiyar tarihi ne. Kalmar bindiga daga Larabci muka aro ta, haka albarushi, haka harsashi. Wannan ya nuna baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Sa'an nan a dubi kalmar 'yan bindiga. A da, in an faɗe ta, dakarun sarki ake nufi, waɗanda har yanzu suke ɗirka wuta sama ranar hawan Salla. Yau kuwa in an ce 'yan bindiga sun shiga gari, babu mai fitowa kallo. Tsakanin waɗannan ma'anoni biyu maganarmu ta yau take: shin ya kamata a sakar wa talaka mara ya mallaki bindiga domin ya kare kansa, ko kuwa a ƙara tsanantawa?

Bindiga a tarihinmu

Masana tarihi, irin su Joseph Smaldone a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, sun nuna cewa doki da mashi da kwari da baka su ne ginshiƙin yaƙi a ƙarni na 19. Bindigogi kaɗan ne, kuma sarakuna sukan damƙa su ne a hannun amintattun bayinsu. Watau taƙaita mallakar bindiga ba Bature ne ya fara kawo mana shi ba.

Abin da Bature ya yi daban ne. A yarjejeniyar Brussels ta 1890 ƙasashen Turai suka amince su hana shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka. A fili an ce domin hana cinikin bayi ne, amma sakamakonsa ya bayyana a nan Haɗejiya cikin watan Afrilu na 1906, lokacin da sojojin Ingila suka shiga garin da manyan bindigogi, Sarki Muhammadu Mai Shahada da jarumawansa suka kwanta dama. Saboda haka in mutumin Haɗejiya ya ji an ce a karɓe makamai ya yi ɗari-ɗari, kada a ce gardama ce. Tarihi ne yake tuna masa.

Abin da doka ta ce

Dokar da ake aiki da ita a Nijeriya ta samo asali ne tun 1959. Ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko makaman yaƙi, waɗanda ba a mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu bindigogin amfanin kai, kamar ta harbin tsuntsaye, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda muke kira adaka, ita kuma izininta yana wurin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka gabata. A lura, dokar ba ta ce mallakar bindiga haƙƙi ne ba. Alfarma ce da hukuma take bayarwa, tana kuma iya janyewa.

A nan muka sha bamban da Amurka, inda gyara na biyu na tsarin mulkinsu, tun 1791, ya mai da riƙe makami haƙƙin ɗan ƙasa. Cibiyar nazarin ƙananan makamai ta Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 fararen hula a Amurka suna riƙe da bindigogi kimanin miliyan 393, sun fi mutanen ƙasar yawa. Ƙiyasinta game da Nijeriya kuwa ya haura miliyan shida kaɗan. Ingila ta ɗauki wata hanya: bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996, sai ta haramta wa jama'a ƙananan bindigogin hannu a 1997.

Hujjojin ɓangarori biyu

Masu cewa a bar kowa ya nemi makami ba mahaukata ba ne. Janar T. Y. Ɗanjuma ya yi kira ga jama'a su kare kansu a Jalingo a 2018. Aminu Bello Masari, yana Gwamnan Katsina, ya yi irin wannan kira a 2021. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta umarci jama'a su nemi lasin bindiga, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Hujjarsu mai nauyi ce: tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. To, in ƙauye ya kwana ana ƙona shi ba a ga ɗan sanda ba sai hantsi, da wane baki za a ce wa magidanci ya zauna hannu rabbana? Ɓarawo ba ya neman lasin. Mai bin doka kaɗai doka take ɗaure wa hannu.

Amma akwai amsa, kuma daga Zamfara ɗin ta fito. Ƙungiyoyin 'yan sa-kai sun taso ne domin kare ƙauyuka, sai wasunsu suka shiga yanke hukunci da hannunsu a kasuwanni, waɗanda aka taɓa suka shiga ramuwar gayya, wuta ta ƙara ruruwa. Daɗin daɗawa, adaka ba ta tsayawa gaban AK-47, irin waɗanda suka ƙara kwararowa ta Sahara bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011. In za a daidaita ƙarfi, sai a raba wa ƙauyuka makaman yaƙi. Wa zai karɓe su ranar da ƙura ta lafa?

Darasin Baturiya

Bari mu dawo gida. Dausayin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, wurin kiyaye namun daji ne, kuma a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tsuntsaye sukan taso daga Turai su yi hunturu a cikinsa. A gefensa manomin shinkafa, da masunci, da makiyayi, da maharbi, duk ruwa ɗaya suke dogara da shi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar da take ciyar da fadama ya sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ƙasar noma da ta kiwo ta ƙuntata. Shi ya sa da kaka akan sami saɓani tsakanin manoma da makiyaya a yankunan Guri da Kirikasamma.

Ku auna da kanku. Rigimar ɓarnar gona da ake yi da sanda, dagaci da arɗo sukan iya kashe ta da biyan diyyar amfanin gona. Ranar da bindiga ta shiga kowace bukka da kowace ruga, gawa za a tarar, kuma jini ba ya sulhuntuwa da buhun shinkafa. Abin da ake ganin magani ne a dajin Zamfara, a fadamar Haɗejiya zai iya zama shi ne cutar.

Maharbi kuma yana da nasa haƙƙi. Sana'arsa gado ce, tana da shugabanci a hannun Sarkin Baka, tana da ladubbanta. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, maharba ne 'yan Arewa da suke komawa gida hutun Salla, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu an zarge su da satar mutane. Wannan ya nuna inda tsoro ya kai mu: an daina bambance bindigar neman abinci da ta ta'addanci.

Kammalawa

Ra'ayina ya tsaya kan abu huɗu. Na ɗaya, makamin yaƙi ya zauna a hannun hukuma kaɗai, a kuma ƙarfafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021. Na biyu, a sauƙaƙa rajistar adaka, a kawo ta kusa da ƙauye, dagaci da Sarkin Baka su shaidi mai nema, a ba shi takardar da kowane shingen hanya zai gane. Na uku, inda tilas ta sa jama'a su tsare garinsu, a yi shi a tsare: da horo, da rajista, da shugaban da za a tuhuma in an yi ɓarna. Katsina ta kafa irin wannan runduna a 2023, Zamfara a 2024, kuma aikinku ne ku ɗalibai ku bi diddigin abin da suka haifar. Na huɗu, a yashe hanyoyin ruwa, a fitar da burtali, a hanzarta shari'a, domin rigakafi ya fi magani.

Ku ma'aikata, ku riƙe wannan: talaka ba ya sha'awar sayar da akuyarsa ya sayi albarushi. Rashin mai amsa kukansa ne yake kai shi ga maƙeri. Duk dokar da za ta karɓe masa bindiga ba ta ba shi tsaro ba, a takarda za ta ƙare.

 Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.