Tiyar kaka da tiyar damina



Malam, hatsin da ka sayar da kaka a kasuwar Tasawa, nawa aka biya ka tiya? Shi ne za ka sake saye da tsada da damina. Mutanen Mayahi da Tasawa ba su manta da 2005 ba.

Yanzu ka iya alƙalami. Kowace ranar kasuwa rubuta kuɗin tiyar hatsi da ta wake. In ta yi araha, sayi ka zuba rumbu. Tambayi uwargida tiya nawa gida ke ci a mako, ita ta sani.

In OPVN ta kawo hatsi mai rahusa, karanta kuɗin buhu da kanka kafin ka miƙa ko dala.