Jawabin Mushe a Taron Ƙungiya: Zancen Yaronmu Mai Yawon Buɗe Ido



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwa masu bida da kunka zo daga nesa, muna gaishe ku, muna yi muku barka da zuwa. Mu yara ne a gabanku. Alli da allo munka sani, ba shari'a ba. Amma tun da shugabanni sun ce mu yi magana, za mu yi. In mun yi kure, ku gyara mana.

Zancen kuwa kun san shi. Akwai wani yaronmu, ba mu faɗin sunansa, haihuwar Yamai, mai gyaran salula. Shekara uku ke nan, duk sa'ad da ya tara 'yan kuɗi sai ya rufe shago ya shiga mota. Ba bida yake zuwa ba, ba fatauci ba, ba hajji ba. Kallo kawai. Ya je Gana, ya je Maroko, ya je Damagaram da Agadas. Baffansa ya kawo ƙara wurin ƙungiya. Ya ce kuɗin da yaron ya ba masu mota da masu jirgi sun isa sayen karsana. Ya ce bara da damina, lokacin da rumbun gida ya yi ƙasa, yaron yana bakin teku yana ɗaukar hoto. Har ya ce ya fasa ba shi ɗiyarsa da anka yi alkawari.

Da farko, baffa yana da gaskiya. Wanda uwarsa ke auna hatsi da tiya a watan Agusta, ba shi da hanyar zuwa kallon teku. Mun faɗa wa yaron haka ido da ido, kuma ya sunkuyar da kai.

Amma, iyayenmu, tafiya ba yau ta shigo Kurfai ba. Kakanninmu da ƙafa sunka riƙa zuwa Kurmi bayan an gama girbi, ta Fada Ngurma, Bawku da Tamale har Kumasi. Sun tafi bidar kuɗin haraji da na aure, gaskiya ne. To, in sun komo, mene ne ake taruwa a saurara a dandali har dare ya raba? Ba lissafin kuɗi ba ne. Labarin jirgin ƙasa ne, da ramin zinariya, da ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Saurayin da bai je ba, 'yan mata ba su kula shi. Har Bature Jan Rush ya ɗauki silima a 1954, mai suna Jaguwar, kan samari uku da sunka tashi daga Ayoru zuwa Akara. Ashe kallo yana cikin bidar tun asali. A 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar Gana, a 1983 Nijeriya ta yi irin nata. Da yawa sun komo hannu wofi, amma abin da ido ya gani ba wanda ya ƙwace musu shi.

Yanzu ga abin da yaron ya gano. A Maroko ya ga masallacin Hasan na Biyu a Kasabalanka, wanda anka buɗe a 1993, gefensa a kan teku. A Agadas ya tsaya gindin hasumiyar laka mai tsawon mita 27, wadda tushenta ya koma wajen 1515. Waɗannan duka hoto ne, kowa yana iya ganinsu cikin salula. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne na Kumasi. Cikin Zango ya yi ta tambaya, matambayi ba ya ɓata, har anka kai shi wani gida na jikokin mutanenmu da ba su komo ba. Sun yi masa tuwo, sun yi murna. Sun ce kakansu Bakurfe ne. Da ya tambaye su wane gari, ɗaya ya ce Shikal, ɗaya ya ce a'a, Luma. Ba wanda ya san inda rana ke fitowa a garin, ba wanda ya san sunan rijiyarsu ko gonarsu. Suna kaɗai ya rage, shi ma ana gardama a kansa.

Da ya kawo mana wannan labari, sai munka ce masa: to kai fa? Faɗa mana garuruwan da mota ke ratsawa daga Yamai zuwa Filinge. Ya ce Hamdallai, ya ce Baleyara, sai ya yi shiru. Wanda ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Damagaram don ya ga fadar sarki, kilomita 180 na hanyar gidan ubansa sun gagare shi. Sau biyu ya taɓa zuwa, duka ta'aziyya, ya kwana ɗaya ya juya.

Iyayenmu, wannan laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ku gwada ɗiyanku da anka haifa Yamai, Abijan, Kwatano ko Legas, ku ji. Mu ma a lakkwal an koya mana kogunan Faransa da duwatsunta kafin a gaya mana cewa Dallol Boso, inda muke shuka hatsi, tsohon kogi ne da ya taso daga Azawak ya gangara har Kwara. Shi ya sa rijiyar cikin dallol ba ta da zurfi, ta kan tudu kuwa sai an haɗa igiya da igiya.

Ga kuma abin kallo a bisa hanyarmu, ba sai an nemi fasfo ba. Kasuwar Baleyara ran Lahadi, inda Bazabarme da Buzu da Bafillace da Bahaushe ke ciniki wuri guda. Fandu, ƙasar Tondikandiya, mahaifar Janar Saini Kunce da ya rasu a 1987. Bonkuku ta Imanan. Duwatsun da ke tsaye bakin dallol. Tukunus, arewa da Filinge, inda ake kiwon zaɓaɓɓun shanun Azawak tun zamanin Faransa. Shikal, inda Shibo da 'yan Babule sunka tsaya wa Nasara a 1925, abin da masana na Turai sunka rubuta littattafai a kansa, ɗiyanmu ba su taɓa ji ba. Can kudu, wajen Kure, raƙuman dawa: a 1996 saura kamar 50, da anka tsare su sun wuce 600.

Ba mu ɓoye muku ba, hanya ba kamar da take ba. Tun 2017 anka sa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, kuma a Agustan 2020 an kashe mutum takwas a Kure. Ba mu ce kowa ya jefa ɗansa cikin hatsari ba. Amma in hanya ta yi wuya, mu kuma munka yi shiru, nan da shekara talatin jikokinku ne za su zauna suna gardama ko Shikal ko Luma.

Saboda haka ga shawara huɗu da muke ajiyewa gabanku.

Na ɗaya, rumbu kafin mota. Duk yaron da zai tafi kallo, ya fara aika rabon gida.

Na biyu, wanda ya tafi ya komo, ya tsaya gaban taro ya ba da labari, a buga shi cikin wannan takarda tamu, kamar yadda ake yi a dandali da.

Na uku, a babban hutu, in mutanen gida da hukuma sun ce hanya lafiya, ƙungiya ta haɗa kuɗin mota a kai yara gida su yi ko sati biyu, su riƙe hauya, su ja guga. Zuwa da kai ya fi aike.

Na huɗu, shekarar da ba hali, dattawa su zauna da yara nan, su faɗi sunayen garuruwa, rijiyoyi, gonaki da kakanni, yara su ɗauka cikin salula, mu kuma mu rubuta.

Yaron ya yarda shi zai fara. Ya aika buhu biyu na hatsi gida, kuma tafiyarsa ta gaba Kurfai ce, gari gari, da littafi a hannu. Baba, ranka ya daɗe, zancen ɗiyarka naka ne, ba mu sa baki. Roƙonmu ɗaya: ranar da zai tafi, ka zauna kusa da shi cikin mota ka nuna masa hanya. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo lafiya ƙasarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.