WASA SHI NE MAKARANTAR FARKO TA YARO



An nemi in yi magana a kan karatun 'ya'yanmu ƙanana, 'yan shekara uku zuwa biyar. To jama'a, bari in fara da abin da kowa ke gani. A garuruwan nan na Kudu da wuya ka bi layi biyu ba ka ga allon makaranta an rubuta Montessori ba. Wasunmu sun ɗauka lakabin makarantar masu kuɗi ne. A'a, sunan wata likita ce 'yar ƙasar Italiya, Mariya Montessori.

A 1907 ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa 'yan haya a birnin Rum. Iyaye kan fita neman abinci tun da safe, yara su wuni suna ɓata bangon gidaje, shi ne masu gidajen suka nemi a tara su wuri ɗaya. Da aka damƙa mata yaran, sai ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsayinsu, aka ajiye kayan koyo inda hannunsu zai kai. Kowane yaro ya zaɓi abin da ransa ke so. Wannan shara, wancan ɓalla maɓalli, wani kuma shafa haruffan da aka yanka daga takarda mai kaushi. Malama ta nuna sau ɗaya, ta koma gefe ta zuba ido. Ba bulala, ba tsawa, amma 'yan shekara huɗu da biyar suka fara rubutu. Tun kafin ita, a 1840, wani Bajamushe mai suna Froebel ya raɗa wa makarantarsa suna lambun yara, inda ake koyo da ƙwallo da guntayen katako. A nan gida ma, Manufar Ilmi ta Ƙasa, bugun 2004, ta ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a ajin rainon yara.

Yanzu fa mu dubi kanmu. Uba ya biya kuɗin makaranta da gumin goshinsa, saboda haka so yake ya ga ɗan shekara uku ya dawo da littafi cike da aikin gida. In bai gani ba, sai ya ce ana cin kuɗinsa. Mai makaranta kuwa ba ya son rasa ɗalibi, sai ya zaunar da yara kan benci tun safe har azahar suna hadda. Ƙarshenta yaro ya rera ɗaya zuwa ɗari da Turanci, amma ka ce ya ƙirgo maka goro biyar, sai ya tsaya yana kallonka.

Alhali mu da kanmu da wasa muka fara. Yarinya mai carafke tana ƙirga duwatsu, yatsunta suna ƙwari, kuma yatsun nan ne za su riƙe alƙalami gobe. Mai ƙera motar kara yana awo da gwaji. Masu tuwon ƙasa suna rabo, suna jiran bi da bi, su yi faɗa su shirya. Tatsuniya da kacici-kacici kuwa su ke buɗe baki. Abin da zaman baƙunci ya rage mana shi ne fili: ɗakin haya ɗaya, tsakar gida ta mutum goma, titi cike da mota da babur. Sai mu miƙa wa yaro waya don ya yi shiru.

Don haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, kafin ka sa ɗanka makaranta, shiga ajin da ƙafarka. Dubi ko akwai wurin wasa, ko yara na taɓa kaya da hannunsu, ko suna magana ba tsoro. Na biyu, iyayenmu mata, a daina zubar da murafun kwalba, kwali da gwangwanin da ba shi da kaifi. Kayan karatu ne da ba a saye. Yaro ya ɓata riga, sabulu ya wanke. Na uku, ƙungiya ta nema mana ɗan fili, ko harabar makaranta ce bayan an tashi, a sa manya biyu suna lura.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma a hankali ake yi, in an matsa karyewa yake.

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.