Ƙaramin Inji da Haƙƙinsa a Kan Mutanen Adar

  

Da aka nemi in yi magana a nan Illela a kan koyar da matasa gyaran injin jirgin ruwa, na san akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwan Ba'adare da jirgi, alhali ƙasarsa duwatsu ce da fadamu, kogin Kwara kuwa yana can Gaya, tafiyar yini a mota? Tambayar tana bisa hanya, amma duk wanda ya taɓa zama a rumfar makanike ya ga an kwance injin ban-ruwa, aka kwance na babur, aka kwance na janareto, ya san cewa waɗannan duka 'yan ɗaki ɗaya ne da wanda ake ɗaurawa a gindin kwale-kwale, domin kowannensu da abu uku yake rayuwa: mai, da iska, da tartsatsin wuta.

A Turai da Amurka akwai makarantun da ke horar da masu gyaran jiragen shaƙatawa da motocin yawon hutu. Mu a nan inji abincinmu ne. Ku dubi kwarin Maggiya, inda madatsun Mozage da Zango ke shayar da sama da hekta 2,000 a Birnin Ƙonni. Ku dubi garaken Galmi, waɗanda albasarsu ta kai sunan ƙasarmu har Abijan da Akara. Ku dubi rijiyoyin fadama daga Malbaza zuwa Badagishiri, za ku tarar cewa rabon mai garka, bayan ikon Allah, a rataye yake ga ɗan injin da yaro ɗaya ke iya ɗorawa a bayan babur.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wata shekara, cikin hunturu, na je garkar wani ɗan'uwana na iske injinsa ya ƙi tashi, albasa kuwa ta kwana biyu ba ruwa, ganyenta ya fara langaɓewa. Aka kirawo wani saurayi mai gyara. Ya kwance buji, wanda 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira fulogi, ya goge shi, ya buɗe kafireto ya hura da baki, ya ja igiya, inji ya ɗauka, kowa ya yi hamdala. Sai na ga ya cire soson da ke tace iska ya jefar, ya ce wai shi ke shaƙe inji. Na ce masa, "Samari, wa ya koya maka haka?" Ya ce, "Baba, haka na ga maigidana yana yi." Kafin a cire albasar nan, ƙurar hunturu ta shiga ta cinye ringi, inji ya koma shan baƙin mai yana hayaƙi, kuɗin da za a yi wa iyali tufafin salla suka tafi wajen sayen kayan gyara. Wallahi ban ga laifin yaron ba, hannunsa nagari ne, zuciyarsa kuma fara ce. An koya masa yadda ake yi, ba a koya masa dalili ba.

To, wannan dalilin shi ne ilimi, kuma malamanmu na farko ba su raina shi ba. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa sana'o'in da al'umma ba ta tsayuwa sai da su, kamar noma da saƙa da ɗinki, cikin farillan kifaya, wato idan gari ya rasa mai yinsu, alhakin yana kan kowa. Ibnu Haldun kuma ya keɓe fasali a Muƙaddima don bayyana cewa sana'a ba ta samuwa sai da malami. Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi, Annabi Dawuda ya ƙera sulke, amincin Allah ya tabbata gare su. Saboda haka uban da ke ganin gareji matattarar yaran da suka kasa karatu ce, ya sake tunani.

Yanzu in komo ga jirgi. Kowa ya san Ba'adare da ci-rani, ba gidan da ba shi da ɗa a Ikko, ko Kwatano, ko Abijan, kuma dukansu birane ne na bakin ruwa, inda jirage masu inji ke jigilar mutane da kifi dare da rana; haka Yawuri, haka Tafkin Cadi. Yaron da ya tafi da ƙarfinsa kaɗai, dako zai yi ko turin kura. Wanda ya tafi da sana'a, nemansa za a yi. Abin da zai ƙara a kan sanin injin garka kaɗan ne, amma kaɗan ɗin nan rayuka ne. Injin jirgi, irin su Yamaha, da ruwan kogi yake sanyaya kansa, ta wata 'yar farfelar roba da ke zuƙo shi, wadda in aka tada inji a tudu ba ruwa nan take take ƙonewa. Makanike na ƙwarai kuwa, da ya tada inji, idonsa na kan ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa ta baya. Da yawansu kuma ana gauraya musu baƙin mai da esansi, galibi kashi 1 cikin 50, wanda bai iya lissafi ba kuwa da ido zai zuba. In babur ya mutu, sai a sauka a tura shi. In jirgi ya mutu a tsakiyar kogi da mata da yara da buhunan hatsi, iska ta taso, sai abin da Allah ya yi.

Gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a, waɗanda ake kira CFM, a ƙananan hukumomi, akwai asusun FAFPA mai tallafa wa horo, akwai kuma makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Madalla. Sai dai allo ba ya koya wa kunne bambancin ƙarar inji mai lafiya da marar lafiya, gareji kuma ba ya koyar da awo da karanta littafin inji. Roƙona shi ne a ɗaura musu aure: almajiri ya yi kwana huɗu gun maigidansa, kwana biyu a cibiya, a kuma gayyaci iyayen gidan su zauna a gwada musu na'urar awon wuta ba tare da an kunyata su ba, tun da injunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana sun fara shigowa garake, gyaransu kuwa na mai sanin lantarki ne.

Ku kuma attajiranmu da ke zaune a nan, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa a bakin teku, tsohon injin jirgi guda ɗaya, ko da matacce ne, da ganga ɗaya ta ruwa da za a tsoma ƙafarsa a ciki, sun isa a fara darasi a Illela kafin faɗuwar damina.