Tabon da Ido Ba Ya Gani



An nemi in yi jawabi a kan haɗarin wuta a gidajenmu. To, ga hannuna na hagu, shi ne shaidata. Ina ɗan shekara 5, wata safiya cikin hunturu, tukunyar ruwan zafi ta kife mini daga kan murhu. Inna ta shiga ɗaki, ta bar ni a hannun Yaya, wadda ita kanta shekararta 9 ne kacal.

Cikin ruɗewa aka fasa mini ɗanyen ƙwai, aka shafa man gyaɗa, ba a kai ni asibiti ba sai bayan kwana uku. Alhali abin da ya kamata shi ne a kwarara ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, ban da ƙanƙara, kada a fasa bororon, sa'an nan a rufe da ƙyalle mai tsabta a garzaya asibiti. Tabon ƙuna yakan tsuke fata, shi ya sa yatsuna biyu suka ƙage, sai da likitoci suka yanko fata daga cinyata suka dasa. Na ma yi arziki, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 kowace shekara.

Amma fa ciwon ya warke cikin watanni, gidanmu kuwa ya yi shekaru bai warke ba. Ba wanda ya doki Yaya, ba wanda ya zage ta. Shiru kurum aka yi. Da yake ita ce 'yar fari, kunya ta hana iyayenmu su zaunar da ita su lallashe ta, ita kuwa ta ɗauki shirun nan hukunci ne. In na miƙa mata hannu, sai ta kau da kai. Inna ma ta hana ni ƙwallo, ta hana ni aike, har na soma ɗaukar kaina naƙasasshe.

Bayan shekara 11, daren da za a kai Yaya ɗakin mijinta, Baba ya kira mu zaure. Ya ajiye kunya, ya ce mata: "Ƙaddara ce. In kuwa da sakaci, namu ne manya, ba naki ba. Ki yafe mana." Ta fashe da kuka, ta kama hannun nan nawa ta riƙe. Daga ranar muka koma wa da ƙanwa... a'a, yaya da ƙane, kamar yadda Allah ya yi mu.

Jama'a, gobe ku ne malaman makaranta da na asibiti, ku ne iyaye. Kada ku bar wa yaro renon yaro a gindin murhu. In kuwa tsautsayi ya auku, bayan kun kai mai rauni asibiti, ku waiwayi ɗayan yaron da ke rakuɓe a lungu, ku gaya masa da bakinku ba laifinsa ba ne. Kada ku jira shekara 11.

Allah ya kiyashe mu.