Kusheyin Magabata a Ƙasar Arewa

Jama'a masu saurare na Dogon Dutsi, Matankari, Ɗan Kasari, Tibiri da kewaye, yau zancen kusheyin magabata za mu yi, kuma daga Lugu za mu faro.

A Lugu ne Sarauniya Mangu ta ja daga da sojojin Faransa na Bule da Shanuwan, a watan Afrilu na 1899. Yaranmu sun san sunanta, ta littafin Abdulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. To amma nawa ne cikinsu suka taɓa taka Lugu, suka ga dutsen Tunguma da ƙasar da sarauniyoyi suke kwance? A can, gawa ma tana da aiki. Idan sarauniya ta rasu, sai maza su ɗauki makararta, makarar ta yi ta jan su har ta tsaya gaban wadda za ta gaje ta. Wannan ita ce tarkama. Mutanen da suka ɗauki mamatansu da wannan nauyi, ai bai kamata kusheyinsu su salwanta ba.

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, kuma a 2006 ta sa Lugu cikin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su. Madalla. Sai dai takarda ba ta tare ruwa. Tsohuwar kushewa a ƙauyukanmu ba gini gare ta ba, tulin ƙasa ne da 'yan duwatsu. Damina ta zaizaye, garma ta ci gefe, dabbobi su tattake. Ran da tsohon da ya san mai ita ya kwanta dama, shi ke nan, ta zama gona. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Wani zai ce, Malam, wannan ba raya al'adun azna ba ne? Kiyaye kabari daban, bauta masa daban. Ga Hubbaren Shehu a Sakkwato, ana kula da shi, ana koyon tarihi.

Saboda haka, iyayenmu sarakuna da masu gari, a shata iyakar tsofaffin makabartu, a yi musu shinge, ko na aguwa ne. Malaman makaranta, ku kai ɗalibai gaban dattawa su rubuta sunan kowane mai kabari tun masu sani suna raye. Manoma, a bar wa matattu wurinsu.