Ziyarar Birnin Kano a Lokacin Hutu: Abokin Tafiya da Abin Dubawa

(Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa matasa a garin Achilafiya gab da hutun Sallah. Mun buga shi domin amfanin sauran 'yan'uwa.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya sanya hanyoyi a cikinta domin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Sanin kowa ne cewa da zarar an sauko daga Idi, samarinmu na Achilafiya da Karkarna da Roni da Gwiwa, har da na ƙasar Ɓaɓura, sukan yi biyu-biyu ko uku-uku su shiga mota, su bi ta Kazaure da Ɗambatta su faɗa birnin Kano, su yi kwana biyu ko uku sannan su juyo. Wannan ba laifi ba ne, domin tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da mu a wurare da dama a kan yin tafiya a bayan ƙasa domin duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabace mu ya kasance. Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne, da yawa daga cikin masu zuwa sukan kashe kuɗin da suka tara daga noman damina ko ƙwadagon rani, su dawo ba su san komai game da birnin ba face cunkoson titi da shagunan waya. Wasu ma sukan dawo da hali wanda ba da shi suka tafi ba. To, kwana biyu a Kano suna iya zama makaranta, suna kuma iya zama asara, kuma abubuwa uku ne suke raba tsakani: wanda ka tafi da shi, shirin da ka yi, da inda ka kai ƙafarka.

Na farko, abokin tafiya. Magabata sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A gida idon iyaye da na malamai da na maƙwabta yana kanka. A birni kuwa babu wanda ya san ka, sai abokinka kaɗai. Idan mai kiyaye salla ne, zai tashe ka da asuba a masaukin da babu ladanin da ka saba da muryarsa. Idan kuwa mai son holewa ne, to inda ya nufa nan za ka nufa, domin baƙo ba ya iya rabuwa da ɗan garinsu a wurin da bai sani ba. Saboda haka ka zaɓi wanda ka taɓa jarraba shi a kan kuɗi ka same shi da amana, wanda kuma ba ya jin kunyar ce maka a'a. Kafin ku tashi ku yi magana a fili a kan kuɗi: nawa kowa ya riƙo, wa zai riƙe na mota, me za a raba biyu. Abota da yawa ta mutu a tasha saboda kuɗin da ba a yi maganarsa a gida ba.

Na biyu, shiri. Ku nemi izinin iyaye, ku gaya musu gidan da za ku sauka da ranar dawowa. Kuɗin motar dawowa a ware shi daban, kada a taɓa shi ko da me aka gani a kasuwa. Game da salla, malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ƙayyade tafiyar ƙasaru da mil 48, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, to cika salla zai yi. Kowa ya zauna da malaminsa ya fahimci wannan hukunci tun kafin ya hau mota. Ku sani kuma tun shekarar 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano, saboda haka Adaidaita Sahu ce abin hawanku. Ku yi ciniki kafin ku shiga. In kun sauka gidan ɗan'uwa, ku tuna baƙo raɓa ne. Ku kai masa ɗan abin da ƙasarmu take da shi, ko gero ko wake ko riɗi, kada ku ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa a lokacin da shi ma hidimar Sallah ta sha masa kai.

Na uku, wuraren da ya kamata a duba. Shawarata ita ce ku fara da Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta yi zafi. A gindin wannan dutse ne Kano ta tsiro, inda mutanen farko suka zauna suna haƙar tama suna narka ƙarfe. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, shugaban masu bautar Tsumburbura a wannan wuri. In kun hau kansa za ku hango Goron Dutse, ku hango hasumiyoyin masallatai ta kowace kusurwa. Ku tsaya ku yi tunani: wurin da aka taɓa yi wa wanin Allah yanka, yau kiran salla ne yake kewaye shi sau biyar a yini. Wannan sauyi kuwa bai zo a dare ɗaya ba. A zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, malamai Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali suka ƙarfafa Musulunci a fada, kuma aka ɗauki ɗaruruwan shekaru ana karantarwa kafin al'amari ya zauna. Duk mai gaggawar ganin sakamakon wa'azinsa, ya hau Dala ya koyi haƙuri.

Daga nan ku gangara Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa. Nan ne ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Tarabulus suke sauke gishiri da takarda da kayan ƙasashen Larabawa, su ɗauki tufafi da fatu; nan kuma fatake suke kawo goro daga Gwanja. Bature Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin dubu 30, ya kuma bayyana cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu. Amma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: a wannan kasuwa an sayar da bayi, 'ya'yan mutane da aka raba da iyayensu. Mai duba tarihi da idon basira yana ɗaukar abin alfahari da abin nadama gaba ɗaya. A yau za ku tarar da dukawa da maƙera da masu ɗinkin hula da masu sayar da littattafai. Ku tsaya ku ga yadda ake aiki, ku yi tambaya cikin ladabi, domin matambayi ba ya ɓata.

Da yamma ku ƙarasa Gwammaja ku ga Gidan Mambayya, gidan marigayi Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983. Gidan yanzu cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Ku dubi ɗakunan da mutumin da sunansa ya game Nijeriya ya zauna a cikinsu, ku gwada su da gine-ginen da kuka wuce a hanya, sannan ku tambayi kanku da me ake auna girman mutum.

Rana ta biyu ku nufi tsakiyar birni. Ga Gidan Rumfa, wato fadar Sarki, wadda tun ƙarni na 15 sarakuna suke zaune a cikinta, Haɓe da Fulani. A zamanin Rumfa ne Shehu Muhammadu al-Maghili ya sauka a Kano, ya rubuta wa Sarki littafi a kan wajiban masu mulki, littafin da malaman jihadi suka amfana da shi bayan shekaru ɗari uku. Daura da fada akwai Gidan Makama, wanda aka mayar gidan adana kayan tarihi. A ciki za ku ga kayan yaƙi da tufafi da hotunan sarakuna da bayanin yadda birnin ya bunƙasa. Ku bincika ranakun da ake buɗe shi tun kafin ku je, domin lokacin hutu ne. A nan za ku ji yadda jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka karɓi Kano daga hannun Sarki Alwali, aka naɗa Sulaimanu, bayansa kuma Ibrahim Dabo ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Wannan tarihi namu ne mu ma, domin da Dabo ne Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautarmu ta Kazaure, ya yi ta gwabzawa kafin ƙasarsa ta tsaya da ƙafarta. Kada kuma ku manta, har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, mu 'yan Jihar Kano ne.

Ku yi sallar Azahar a Babban Masallacin Juma'a na birni, wanda aka kammala gininsa na yanzu a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga nan ku taka zuwa marinar Ƙofar Mata, inda har yanzu ake rini da baba da toka a cikin rijiyoyin rini kamar yadda kakanni suka yi. Da yawa daga rijiyoyin sun bushe, saboda atamfa da yadin kanti masu araha sun cinye kasuwa. Duk wanda gidansu yake da sana'ar gado, ya dubi waɗannan rijiyoyi da kyau.

Duk inda kuka gilma za ku riƙa cin karo da ragowar ganuwa. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a wajen ƙarni na 12, sarakunan baya kuma suka faɗaɗa ta. Ƙofofinta suna nan da sunayensu: Nasarawa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Dukawuya, Kabuga, Kansakali, Waika, Ruwa, Mazugal, Wambai, Mata, da sauransu. Ta Ƙofar Kabuga sojojin Ingila suka kutsa birni a watan Fabrairu 1903, alhali Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Ganuwar da ta tare mahara shekaru aru-aru ba ta iya tare igwa ba, domin duniya ta riga ta sauya makami mutanenmu ba su sauya ba. Abin da ya rage nata kuwa, ba abokan gaba ne suke cinye shi ba: ruwan sama ne, da masu ɗibar ƙasa, da masu yanka filaye. In lokaci ya ba ku dama, ku ƙarasa Nasarawa ku ga Gidan Ɗan Hausa, gidan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Daga nan jirgin ƙasa ya iso a 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925, cinikin gyaɗa ya haɓaka har aka yi dalar gyaɗa, wadda yau sai dai a hoto.

Na san da yawanku hawan Sallah ne yake jan ku, wato Hawan Daushe da Hawan Nasarawa da sauransu. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Sai dai a 2024 da 2025 'yan sanda sun dakatar da hawan saboda rikicin masarauta, don haka kada wanda ya biya kuɗin mota sai ya tabbatar za a yi. In kuwa ana yi, ku tsaya nesa da ƙafar dawaki, ku nisanci turereniya da cuɗanya da mata, kuma kada kallo ya sa lokacin salla ya fita.

Sai kuma gargaɗi. Birni yana da mutanen kirki masu yawan gaske, yana kuma da masu ƙwacen waya da 'yan damfara waɗanda suke gane baƙo tun daga tafiyarsa. Kada ku riƙa fito da waya a cikin Adaidaita Sahu ko a lungu, kada ku bi wanda ya ce zai kai ku inda kaya suka fi araha, kuma ku koma masauki kafin dare ya yi nisa. Idan rigima ta tashi a gabanku, ba taku ba ce, ku kauce. Wuraren shaye-shaye da caca kuwa, wanda ya ce muku leƙawa kawai za a yi, to shi ne abokin da muka ce a bar shi a gida.

A ƙarshe, ina roƙon kowane biyu da za su tafi su riƙi ɗan littafi da alƙalami, su rubuta abin da suka gani da abin da aka gaya musu. In kun dawo za mu ba ku dama bayan sallar Magariba ku karanta wa ƙannenku, domin wannan ita ce tsarabar da ba ta ƙarewa. Sannan ku je wurin dattawan Achilafiya ku tambaye su yadda aka kafa garinmu, da inda tsohuwar kasuwa take, da malaman da suka fara karantarwa a nan, ku rubuta tun suna raye. Kano ta san sunayen sarakunanta na shekaru kusan dubu ne saboda an sami waɗanda suka adana, suka kuma rubuta.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya haɗa ku da abokai na gari, Ya sa abin da za ku gani ya ƙara muku imani da basira. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladansa baki ɗaya.